Inna Mai Ƙuli da Jikan da Ba Ya Cin Gyaɗa

Kaka ce, kuma kaka mai albarka. Gyaɗa ta yi kyau a shekarar nan har masu kawo ta daga ƙauye suna bin gida gida suna roƙon a saya. Duk lungun da ka shiga a Gawon Nama ƙamshin suyarta ne ke tarbarka. Kowa yana murna, ni ce kawai hankalina bai kwanta ba, domin a gidan da nake aure gyaɗa ita ce sana'a, ita ce mahaɗin kowace miya, kuma ita ce ke neman ran autana, Mu'azu.

Ku da kuka san surukata, Inna Mai Ƙuli, Allah ya jiƙanta, kun san halin da zan faɗa. Babu abin da zai shiga bakin yaro a gidanmu sai ya fara bi ta nata bakin. Tuwo ne, alewa ce, magani ne, sai ta lasa, ta lumshe ido, ta juya shi a harshe, sannan ta yanke hukunci: "Na ɗanɗana, ba komi cikinai." In ta faɗi haka, magana ta ƙare. A ganinta abin da bai ka da tsohuwa ba, ba zai ka da kowa ba.

Lokacin da nake da cikin Mu'azu an ba ni ƙwayoyin ƙarin jini a wurin awo. Na ajiye su a kan taga. Wata bai yi nisa ba sai na ga sun ƙare. Ashe kullum kafin in sha ɗaya Inna ta riga ta sha tata, wai abin da ke cikina jikanta ne, ba ta yarda a aika masa da saƙon da ba ta duba ba. Na tattara ƙarfin hali, na durƙusa, na ce mata ai na masu juna biyu ne. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "To, Malama Rabi, mu zuba mu gani wa za ya riga wani haihuwa."

Malama take ce mini saboda ina zuwa makarantar yaƙi da jahilci da rana. Ba yabo ba ne, kun dai san ta.

Ragon layya ma bai tsira ba. Maigidan ya sayo masa maganin tsutsa, Inna ta ce tunda yara za su ci naman, sai ta lasa. Yini ta yi tana zarya tsakanin ɗakinta da bayan gida riƙe da buta. Da la'asar ta fito ta zauna, ta gyara ɗankwali, ta ce a ba ragon, maganin na ƙwarai ne, shina aiki.

Duk wannan dariya muke yi, har Mu'azu ya fara cin abinci. Angona take kiransa, ba ta da abokin hira kamarsa. Amma duk ranar da ya gutsiri ƙuli-ƙuli, sai borin jini ya taso masa rudu-rudu, ido ya kumbura, ya yi ta susa yana kuka. Inna ta ɗora laifin a kan sauro. Da sauro ya yi sauƙi ta ɗora a kan sabulun da nake masa wanka da shi. Daga nan ta koma bakin mutane, daga baya ta ce nonona ne bai yi kauri ba. Gyaɗa dai ba ta taɓa shiga cikin waɗanda ake tuhuma ba. Jikan Mai Ƙuli guda, a ce gyaɗa ta ƙi shi? Ubansa ma, in ji ta, da tunkuza ta yaye shi, wato dunƙulen gyaɗar da aka matse wa mai. Ni dai ban yi musu ba. Na riƙa dafa masa nasa daban da manja, ina janye shi daga wurin kasko da dabara.

A kakar nan aka yi suna a maƙwabta, wani ya miƙa masa tsire. Kun san garin ƙuli ake barbaɗa masa. Wannan karon ba fata kaɗai ba, leɓensa ya kumbura, ya kama tari. A babban asibiti suka duba shi, suka sa mana ranar da za mu koma a yi masa gwajin fata, don a tabbatar da abin da jikinsa ba ya shiri da shi. Likitar, wata yarinya mai sanyin magana, ta ja kunnena cewa in daina ba shi maganin ƙaiƙayi 'yan kwanaki kafin ranar, domin in yana jikinsa fatar ba za ta nuna komai ba.

Na ɗauke kwalbar na ɗora a kan kabad. Inna kuwa ba ta iya ganin rabin kwalbar magani a zaune ba ta da aikin yi. Ta riƙa kurɓa safe da yamma. Maganin nan barci yake sawa. Rannan da rana tsaka na fito na same ta zaune gaban kasko, matsami a hannu, tana minshari, ƙuli ya ƙone ƙurmus. Da ta farka ta ga hayaƙi, ta ce itacen bana ba shi da tarbiyya.

Ranar gwaji ta riga mu shiryawa. Na ce ta huta, ta ce ba a kai ango wurin allura amarya tana gida.

A ɗakin likita aka fito da wasu ƙananan kwalabe daga firji. Likita ta bayyana mana cewa ruwa ne da aka tace daga abubuwa iri iri, akwai na gyaɗa, na ridi, na waken suya, na furen ciyawa, kowanne an auna ƙarfinsa tun daga inda aka haɗa shi. Za ta ɗiga a hannun yaro, ta ɗan taɓa saman fatar da wani tsinke, ba tare da jini ya fito ba, sai a jira a ga wanda zai tashi. Ta nuna mini wani faranti a gefenta da allura a shirye, ta ce ko wannan ɗigon ba ta yin sa sai da allurar gaggawa a kusa.

Inna ta rungume hannun Mu'azu ta ce atafau ba a ɗiga masa abin da ba ta ɗanɗana ba. Likita ta ce ba a sha. Inna ta naɗe hannun riga ta miƙa nata.

"To, ɗiyata, soma da ni. In ban hwaɗi ba, ga shi nan."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Mutane na jira a waje. Likitar ta dube ni, ta dubi tsohuwa, ta ga babu wata hanya, ta ɗiga mata uku: ruwan gishiri, na gyaɗa, da wani wanda ta ce shi kowa aka ɗiga wa sai ya yi masa ƙaiƙayi, da shi ake gane fatar tana amsawa. Sannan Inna ta saki yaron aka yi masa nasa.

Muka zauna jira. Hannun Mu'azu, daidai inda aka rubuta alamar gyaɗa, ya tashi ya yi ja kamar cizon rina. Hannun Inna kuwa shiru, har wanda ake cewa yana tashi a jikin kowa bai motsa ba. Likita ta juya hannun, ta duba kwalbar, ta sake duba hannun. Can ta tambaya ko Hajiya tana shan wani magani. Inna ta ce ita lafiyarta ƙalau, mi za ta yi da magani. Ni ce na sunkuyar da kai na ce ta shanye na ƙaiƙayin Mu'azu. Likitar ta juya baya tana gyara kwalabe, amma na ga kafaɗunta suna rawa don dariya.

An yi wa Inna bayani cewa nata gwajin ya ɓaci, bai nuna komai ba. Ita kuwa abin da ta gani shi ne an ɗiga mata gyaɗar asibiti ba ta ji ko ɗar ba. Ta tambaya ko babu maganin abin. Likita ta ce akwai wasu abubuwa, kamar furen ciyawa, da ake ba mutum ɗan mitsitsi wanda aka auna, ana ƙarawa a hankali tsawon lokaci har jiki ya saba, amma a asibiti ake yi, a gaban likita, kuma ba kowa ake yi wa ba. Shi Mu'azu, tunda abin ya fara taɓa numfashinsa, a raba shi da gyaɗa gaba ɗaya, ko ƙurarta, kuma in ya ci bisa kuskure a garzayo da shi.

Inna rabin magana take ɗauka, ta bar wa mai ita sauran. A cikin keke muna komawa gida ta yi ta gyaɗa kai ita kaɗai, can ta ce, "Kaɗan-kaɗan. Wanga ai ba sai da boko ba. Haka aka koya ma yaro cin yaji."

Na gaya wa maigidan da ya dawo daga tuƙin tifarsa a wajen Kalambaina. Ya ce in bar masa, yau zai yi mata magana ta gaskiya. Ya shiga ɗakinta ya daɗe. Ya fito yana tauna ƙuli-ƙuli, bai yarda mun haɗa ido ba.

Kafin mako ya zagayo Inna ta buɗe nata asibitin a bayan ƙofa. Ta wanke kwalaben turare, ta jiƙa gyaɗa a ɗaya, zogale a ɗaya, ganyen darbejiya a ɗaya. Tsinken tsintsiya ne allurarta. Ta fara da kanta, kamar yadda ta saba. Wurin ya kumbura ya tara ruwa, don tsintsiyar da ake sharar tsakar gida ce. Ta riƙa nuna wa masu zuwa sayen mai, tana cewa su duba, nata haɗin ya fi na likita ƙarfi. Na kwashe kwalaben na zubar, ta haɗa wasu. Na roƙe ta da girman Allah, ta ce ita ta taɓa cutar da angonta? Daga nan duk inda zan je da shi nake tafiya, har makaranta, yana zaune gefena ina koyon haɗa baƙi.

Wanka kawai na shiga rannan. Na fito na same shi a cinyarta, tana riƙe da tsinke, a kan tsinken akwai ɗan tunkuza da bai kai ƙwayar dawa ba. Ta riga ta shafa masa a harshe. Tana murmushi tana ce mini in kwantar da hankalina, yau ɗaya, gobe biyu.

Ban gama ɗaura zane ba leɓensa ya fara tashi. Ya yi tari, ya sake yi, ya kira ni da wata murya wadda ba tasa ba. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa ɗaga wa Inna murya ba. Ranar na fizge shi daga cinyarta na ce, "Inna, tashi ki tare mana keke, yanzu."

Ta tashi. Babu mayafi, takalmi ƙafa ɗaya, ta tsaya a tsakiyar titi ta buɗe hannuwa, mai keken da ya zo sai da ya sauke fasinjojinsa. Duk hanya numfashin yaron yana fita da ƙara kamar usur, ni ina kiran sunan Allah. A asibiti aka caka masa allura a cinya, aka sa masa abin shaƙar iska. A hankali ƙarar ta ragu, ya buɗe ido ya nemi ruwa.

Likitar nan ta zo. Na ɗauka za ta yi faɗa, ba ta yi ba. Ta tsuguna gaban Inna ta gaishe ta. Inna ta dubi ƙasa ta ce a hankali, "Sau ukku na ɗanɗana shi." Likita ta ce ta yarda, amma jikin Hajiya daban, na yaro daban, abin da yake abinci gare ta shi guba ne gare shi, kuma babu harshen da zai iya auna masa. Aka ce mu kwana a duba shi. Maigidan ya mayar da Inna gida.

Washegari da hantsi aka sallame mu. Muna isa ƙofar gida na ga mai baro ya ɗora kasko da buhunan gyaɗa da galan na mai. Inna tana jan babban turminta ita kaɗai, turmin da ta zo da shi gidan miji, tana haki tana faɗa. Wai gidanga ya yi mata ƙunci, shanyata ta cinye tsakar gida, mutanen Gawon Nama ba su san darajar ƙuli ba, za ta mayar da sana'arta gidan ƙanwarta a Ƙofar Kware inda ake da bakin cin ƙuli. Ba ta ambaci asibiti ba, ba ta dubi inda nake ba. Na sauke yaron na sunkuya zan kama mata turmin.

"Kak ki taɓa," in ji ta. "Hannunki ka ba shi tuwo."

Mu'azu ya ruga zai faɗa jikinta. Ta ja da baya, ta ɓoye hannuwanta a bayanta.

"Tsaya can, Ango. Sai na yi wanka."

Na shiga na hura wuta, na ɗora mata ruwa, na ɓare sabon sabulu, na kai mata bokiti bayan gida. Ita kuma tana ta mita cewa ruwan ya yi zafi.

Haka ta riƙa yi har Allah ya karɓi abinsa: ta tafi Ƙofar Kware da safe, ta dawo da yamma, ta yi wanka ta sauya kaya kafin ta bari ya matso kusa da ita. Ko sau ɗaya ba ta taɓa cewa likita ta yi gaskiya ba, ni ma ban nema ba.

Allah ya jiƙan Inna, ya yafe mata, ya sanyaya makwancinta. Ya raya mata angonta, ya sa ya zama mai yi mata addu'a. Amin.