Ranar da Na Mai da Baba Bahar

Jikokina sun ce in daina zuwa bakin bahar, wai ƙafata ta yi rauni, santsin dutse zai kwashe ni. Na ce su yi ta faɗa. An faɗa min haka tun ba a haifi iyayensu ba, kuma masu faɗar a wancan lokaci sun fi su murya. Tun ina 'yar mitsitsiya nake sana'ar su, in kuwa Allah ya bar min yatsa ɗaya mai ji, da shi zan riƙe igiya.

Babana Basarke ne, masunci, daga wajen Yawuri ya taso da ƙafa zai yi aikin hajji. 'Yan ayari suna ƙodago a gonakin mutane don su sami guzuri, shi kuwa duk inda aka ci karo da ruwa sai ya tuɓe riga. Ya yi su a Cadi, ya daɗe a bakin Nilu har aka fitar da rai zai ƙarasa. Da ya sauke farali bai koma ba. Ya auri Inna, 'yar Hausawan Sudan, suka kafa ɗakin katako da kwano a Nuzla, ba a daɗe da rushe ganuwar Jidda ba. Nan aka haifi Yayana, nan aka haife ni.

Bahar ta fara ne da kunyata Baba. Ya shiga da homarsa irin ta kogi, sha'ab, wato dutsen murjanin nan da ke shimfiɗe ƙarƙashin ruwa, ya yi mata kaca-kaca, masuntan Larabawa suna kallo suna riƙe ciki. Ya haɗiye, ya zauna kusa da su ya koyi su da igiya: zare ɗaya, ƙugiya, 'yar dalma, ka naɗa a yatsa ka jira. Amma bakinsa bai taɓa sallama wa kifin teku ba. Kullum cewa yake ado ne kawai da su, ja da kore kamar zannuwan kasuwar Bab Makka, babu mai nutsuwar giwan ruwa. Ya taɓa yin bandar najil, kifin da manyan gari suke rububi, maƙwabcinmu, wani Balarabe Bahadrame, ya leƙo ta katanga ya ga hayaƙi, ya kusa yin kuka.

Yayana ya tsani ƙarni tun yana yaro, saboda haka ni ce mai bin Baba. Uwata yake ce min, don sunan mahaifiyarsa na ci. Bayan asuba mukan bi ta Sa'alaba mu yi kudu, da takalman taya a ƙafa, mu taka sha'ab har ruwa ya kai min ƙugu. Ranar da kifi ya fara taɓa igiyata ban gan shi ba, jin sa na yi, ɗan tsinke-tsinke a yatsa, sai fizga guda da ta bi hannuna har ƙirji. Na yi aure daga baya, na haihu, na je har Yawuri na jefa ƙugiya a Kwara, amma wallahi ban sake jin wani abu ya girgiza ni kamar wannan ba.

Da na zama budurwa Inna ta ce halas, wato ya isa haka, ba 'yar da za ta riƙa tsoma zane a ruwa maza suna wucewa. Na ce to. Washegari na yafa mayafi na bi Baba. Ta yi faɗa, ta yi kuka, ta gaji ta bar ni da halina.

Sai yanar ido ta fara rufe wa Baba gani. Da fari ni nake ɗaura masa ƙugiya, daga baya har hanya sai na riƙe masa hannu. Bai rage komai ba wajen kamu, don wannan sana'a ba da ido ake yin ta ba. Amma wata rana ya zame a kan dutse, gwiwarsa ta tsage, muka dawo gida jini ya jiƙa masa wando. Lokacin Yaya ya zama mutum, yana tuƙa babbar mota a tashar jiragen ruwa, yana sa farin tob irin na Larabawa, shi ke ciyar da gida. Ya tara dattawan unguwa a ƙofar gidanmu. Ina bayan labule ina jin su. Suka ce tsoho ya yi iyakar yinsa, ya huta. Suka ce makaho da mace a bakin teku abin magana ne, kuma mu da rabinmu ba su da iƙama, takardar zaman ƙasa, ba ma son abin da zai jawo ido kan unguwa. Yaya ya kwashe igiyoyi da ƙugiyoyi ya ba wani Bayamane.

Ba zan ce Yaya mugu ba ne, don ba shi ba ne. Ya saya wa Baba kujera mai jingina, ya saya masa rediyo, ya ɗinka masa riguna. Baba ya zauna a kujerar yana ramewa. Abinci sai ya taɓa ya ture. Yatsansa na dama kullum yana motsi a kan gwiwa, ni kaɗai na san abin da yake ja. Raina ya ɓaci har ba na iya kallonsa.

Yaya ya ga haka ya ɗauka kifi tsoho yake marmari. Ranar wata Juma'a ya je Bangala, kasuwar kifi, ya sayo najil ƙato, ya sa Inna ta soya, aka ɗora a kan shinkafa, ya kawo a tire da hannunsa yana murmushi. Shi haifaffen Jidda ne, bai taɓa zama ya saurari Baba ba, ita kuma Inna ba jinin masunta ba ce. Ba su san cewa a wajen su Baba ba a saya wa masunci kifi. Maƙwabci ya ba ka, aboki ya aiko maka, wannan zumunci ne. Amma ɗanka ya je kasuwa ya sayo maka, ya shaida wa duniya ke nan cewa ka ƙare.

Baba ya shinshina, ya tambayi wa ya kama. Yaya ya ce saye ya yi, mafi kyau a kasuwar. Baba ya janye hannunsa a hankali ya ce, "Ashe har an yanka min likkafani ban sani ba." Ya juya fuska bango. Tsohon da ya ratso Sudan da ƙafa, na ga hawaye yana bin gemunsa.

Ban san lokacin da na sure tiren ba. Na fita da shi na kife wa kyanwoyin lungu, suka yi biki. Inna tana salati, Yaya ya biyo ni yana zuba Larabci, don in ransa ya ɓaci Hausa guduwa take yi daga bakinsa. Na ce gobe zan mai da Baba bahar, wanda ya isa ya tare.

"In ya nutse, ransa yana wuyanki," in ji shi.

Na ce, "Na ɗauka, Yaya. A kujerarka ma mutuwa yake yi, wannan a wuyan wa yake?"

Igiyata tana nan, don tawa ba wanda ya san inda nake ɓoye ta. Ban fita da asuba kamar ɓarauniya ba. Na jira rana ta fito, dattawa sun baje a bencin mai shayi, na sa wa Baba takalman taya na ce, "Yalla, Baba, tashi." Ya tambayi ina za mu. Na ɗora masa dalma a tafin hannu. Bai ƙara tambaya ba. Muka ratsa ta gabansu, na gaishe su ɗaya bayan ɗaya har da durƙusawa, ba wanda ya amsa sai ɗaya, shi ma ciki-ciki. Wata tsohuwa ta ce min mara kunya ta taga. Na ce mata ina kwana.

Da ruwa ya taɓa masa ƙafa sai ya tsaya ya ja numfashi. Na kai shi gaɓar sha'ab inda zurfi yake farawa, na sa masa koto, na riƙe shi gam a damtse.

"Uwata, sake ni," ya ce.

Tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Na sake shi. Ya wurga igiya, ya naɗa a yatsa, ya tsaya shi kaɗai a cikin ruwa, bayansa ya miƙe. Har rana ta take bai kama komai ba sai wani ɗan kifi, sha'ur, da bai wuce tafin hannu ba. Ya hana ni sa shi a kwando. A hannu ya riƙo shi har gida, ta gaban bencin nan dai, ya ce in gasa. Ya cinye tas, ya nemi ƙarin shinkafa.

Daga ranar kullum muna hanya, in ban da Juma'a. Matan unguwa suka rage gaishe ni, Yaya ya daina min magana sai ta bakin Inna. Ban damu ba, ko in ce na damu amma ban fasa ba. Baba ya sake zamewa ba sau ɗaya ba, na ɗaga shi, muka ci gaba. Ya ƙara shekaru a haka, yana zagin kifin teku yana kama shi.

Bai nutse ba. A kan tabarmarsa ya cika, da hantsi, bayan ya sha kunu. Yaya yana cikin masu yi masa wanka. Da suka gama ya fito, idonsa jawur, ya same ni a bakin murhu. Maganar farko ke nan da ya yi min kai tsaye tun ranar tiren. Ya ce ya ga yanka a yatsan Baba, sabo, ko bushewa bai yi ba.

Na ce, "Eh, jiya wani ƙato ya ja shi. Ya fito da shi kuwa."

Ya tsaya a kaina yana jira in ce ya yi haƙuri. Mun shirya daga baya, ya riƙe min 'ya'ya, na yi jinyarsa har ƙarshe. Amma wannan kalmar, har ya koma ga Allah bai ji ta daga bakina ba.