Malamin Gonan da Ke Tona Toka

Kafin a sauke shayin safe za ka ji tarin babur ɗin Nachhattar Singh yana hawa gadar magudanar ruwan ƙauyenmu. Shekara ashirin da shida ke nan yana malamin gona. Tun da gwamnati ta fara ba mu tallafi don mu daina ƙona karan shinkafa bayan girbi, shi ke bin gonaki yana shaida wanda bai cinna wuta ba. Ko kofin lassi, kindirmon shanmu, ba ya karɓa a gidan da zai duba. "Bari in gama tukuna," haka yake cewa, kuma ban taɓa ganin ya gama ba.

Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, ni kuwa hankalina a tashe yake.

Bara gonar Bibi Gurmel Kaur ta ci wuta. Tsohuwa ce, mijinta ya rasu, eka uku ce duk abin da ta mallaka. Tauraron ɗan'adam ya hango wutar, sai ga sunanta cikin masu laifi: babu tallafi, ga tara a kai. Ina wurin ranar da babban jami'i ya zo daga birni, ya tsaya a bakin kwalta yana nuna wayarsa.

"Bibi, hoto ba ya ƙarya. Gonarki ce ko ba taki ba?"

"Tawa ce," ta ce. "Amma ko ashana ban riƙe ba."

Sai Nachhattar ya shiga tsakiyar gonar da farin wandonsa, ya durƙusa cikin toka yana tono da yatsu. Can ya dawo ya buɗe tafinsa. Ƙwayoyin alkama ne, sun fara tsiro, zafi ya dafa su. Ashe ta riga ta yi hayar injin da ke shuka alkama a ƙarƙashin kara.

"Ranka ya daɗe," ya ce, "wane mahaukaci ne zai yi shuka ran Litinin ya banka mata wuta ran Alhamis?"

Daga nan ya ja jami'in suka bi sawun ƙunar har iyakar yamma, inda iska ta kwaso wutar daga gonar maƙwabci. Aka cire sunanta, aka biya ta.

"Ɗana, ka ɓata wandonka," in ji Bibi, tana hawaye.

"Ƙyale shi, Bibi, matata ta daɗe da haƙura da ni."

Kai ne, Nachhattar, ka san cewa hoton sama wuta kawai yake gani, bai san hannun da ya kunna ta ba. Mun gode, mai gwiwa a toka. Mun gode da rantsuwar talaka da ka ɗauka da nauyi har ka je ka tono mata shaida.

To amma ga abin da ke damuna. Gonata ma da wancan maƙwabcin take iyaka. Shekaranjiya na shuka tawa alkamar a ƙarƙashin kara, shi kuwa nasa karan yana nan a tsaye, ya bushe ƙayau, kuma kullum da la'asar iska daga wajensa take kaɗawa. Nachhattar, in ya jira ka tafi sannan ya cinna wuta, wa zai durƙusa mini?

Kai da za a turo ka gaje shi, ban san sunanka ba tukuna. Ka zo da wayarka, ba mu hana ba. Amma don Allah ka sa wandon da ba ka jin tsoron ɓatawa.