Curo a Bakin Tashar Mafara

Ni ne ɗan fari a gidanmu, don haka tun tasowata mahaifina bai taɓa kiran sunana ba. "Kai" yake ce mini, in kuma zai yi maganata da wani sai ya ce "yaron nan". Wannan kunya ce, kowa ya san da ita, ba ta taɓa damuna ba. Abin da ya dame ni shi ne lokacin da "kai" ɗin ma ta ɗauke.

Ta ɗauke ne bayan na kama aiki da kamfanin da ke gina dam ɗin Bakolori. Ƙaramin aiki ne, ina sa wa katafila giris, ina canza mata mai. Amma katafilolin nan su ne suka bi ta kan fadamarmu a ƙasar Bakura, suka tuge ɗorawa da tsamiyar da kakana ya bari, suka baje gonaki don a ja magudanan ruwa. Damina ta zo ta wuce ba a yi shuka ba, wata ma ta zo ta wuce. In na je gida na durƙusa na gaishe da mahaifina, da ka yake amsawa. In na kai tsaraba, innata ce ke karɓa ta ɓoye, domin ya ce shi ba ya cin abin da aka samo a bayan katafila.

Da manoma suka gaji da jira suka tare hanyoyin aikin, yana cikinsu. Yadda aka watsa su kuwa ba zan ba da labarinsa ba. Ba na wurin, waɗanda ke wurin kuma ba su cika son faɗa ba. Abin da na gani da idona shi ne motocin 'yan sanda da suka cika Talata Mafara bayan nan, da yadda mutane suka koma magana ƙasa-ƙasa ko a masallaci.

Ranar kasuwa da hantsi kawuna, ƙanin innata, ya same ni a garejin kamfani. Ya ja ni gefe ya ce ana bin ƙauyuka ana neman waɗanda suka yi gaba-gaba a tare hanya. Ya kawo mahaifina cikin amalanke, a tsakanin buhunan albasa, ya ajiye shi a bayan masallacin kasuwa. Innata ta ce in sa shi a mota zuwa Jangebe wurin gwaggona. Ni aka zaɓa saboda kakin kamfani da ke jikina, wai ba a tsayar da mai irinsa.

Na tarar da shi zaune ya jingina da bango. Na gaishe shi, ya ɗaga ka. Da ya miƙe na ga yana jan ƙafar hagu. Kawu ya raɗa mini cewa waya ce ta yanke shi a ƙwauri wurin gudu, an ɗaure da tsumma a ƙarƙashin wando. Daga nan kawu ya koma wurin albasarsa, ya bar mu mu biyu.

Akori-kurar Jangebe ba ta cika ba. Ɗan kamasho ya ce sai 'yan kasuwa sun fara komawa. A cikin tashar akwai 'yan sanda suna zagayawa, suna tsayawa kan duk wanda suka ga zaune ba kaya ba ciniki. Na san tsoho mai ɗingishi ba zai daɗe a nan ba a tambaye shi ba. Wurin da mutum zai zauna ba a ce me yake jira ba, rumfar Kuku ce kawai, a bakin ƙofar tasha.

Kuku mutumin tsohuwar Maradun ne, gidansu na ƙarƙashin ruwan dam a lokacin. Ya yi aikin dafa abinci a unguwar Turawan kamfani, inda matar wani injiniya ta koya masa wani abin soyawa na ƙasarsu. Da ya bar aiki ya kafa rumfar kwano da benci ɗaya ya shiga sayarwa. Shi yana ce masa curo. Mutanen gari sun ɗauka daga curawa aka samo sunan, ko da yake ba a cura shi. Fulawa yake tuƙawa da ruwan zafi da ɗan gishiri, ya ɗura a wani dogon gwangwani da maƙeri ya huda masa baki kamar tauraro, ya danna da muciya, kwaɓin ya fito zarara ya faɗa cikin man gyaɗa. In ya yi ja sai ya tsame, ya yanka kamar tsawon tafin hannu, ya birgima shi a sukari da kirfa. Mu 'yan gareji mun saba zuwa ƙarshen wata. Manoma ba su cika tsayawa ba, abincin Turawan dam suke ce masa.

Na ce, "Baba, mu zauna nan kafin mota ta cika."

Ya dubi rumfar, ya dubi kaskon suya. Ƙafar ce ta zaunar da shi.

Kuku ya gaishe shi gaisuwa mai tsawo, gida da iyali da gajiya da zafin rana, mahaifina yana amsawa a taƙaice. Kuku na cikin gaisuwar idonsa ya sauka kan ƙafar wandon mahaifina. Ni ma na duba. Jini ya ɓullo ya yi tabo kamar faɗin kwabo, ƙudaje har sun fara sauka. Kuku bai tambayi komai ba. Ya jawo buhun fulawarsa da ke gefe ya jingina shi da benci, daidai gaban ƙafar, kamar dai wurin ne ya fi masa sauƙin ɗiba.

Ya zuba mana curo a takardar buhun siminti. Na ajiye a tsakaninmu. Na ɗauki ɗaya na gatsa don kada a ga muna zaune haka kawai. Mahaifina ya ɗora hannuwansa a gwiwa yana kallon titi.

Ba mu daɗe ba sai ga su. Saja ne, babban mutum mai furfura a gefen kunne, da wani ɗan sanda siriri riƙe da bindiga. Daga maganar sajan na gane ba mutumin ƙasarmu ba ne, amma Hausarsa ta nuna. Da alama sun saba da rumfar, don bai tambayi kuɗi ba ya ce a soya musu mai zafi. Kuku ya ce, "An gama, Yallaɓai," ya ɗauki gwangwaninsa. Na lura wutar ta ja baya, kuma yana tsoron ya sunkuya ya iza ta ya bar mu da su. Man bai yi zafi sosai ba, sai suyar ta yi jinkiri.

Saja ya juyo ya dube mu. Ya fara da kakina, ya gyaɗa kai. Sa'an nan ya koma kan mahaifina, kan rawaninsa mai ƙura, kan tafin hannunsa da fartanya ta yi wa kanta.

"Baba, ba ka ci ne?"

Abin da na fi tsoro ke nan, a yi masa tambaya. Mahaifina ba ya ƙarya. Ba don ya fi kowa tsoron Allah ba, shi dai bai iya ba ne, kuma yana ganin ƙasƙanci ne. Na san in aka ce masa yana cikin masu tare hanya, zai ce yana ciki, har ya faɗi inda ya tsaya.

Na ɗauki curo ɗaya na miƙa masa da hannu biyu. Na ce, "Baba, ya huce yanzu."

Ya dubi abin, ya dube ni. Rabon da ya dube ni ido cikin ido har na manta. Na ɗauka zai kau da kai, Saja kuma yana tsaye yana kallo. Sai ya ce bismillah, ya karɓa, ya gatsa. Na ji ƙarar ɓawon a bakinsa. Haƙoransa na gefe sun zube, don haka da na gaba yake ci, a hankali, sukari na maƙalewa a gemunsa.

"Daga wane gari, Baba?" in ji Saja.

Na yi wuf na ce, "Yallaɓai, tare muke. Ni ma'aikacin kamfani ne, a gareji nake. Jangebe za shi wurin 'yar'uwarsa."

"Ba kai na tambaya ba."

Siririn ya gyara riƙon bindigarsa, ya matso har takalminsa ya taɓa buhun fulawa. Buhun ya ɗan karkata. Kuku ya sa gwiwa ya tokare shi, yana ci gaba da juya suya kamar bai san an yi ba. Wani ƙuda ya tashi daga bayan buhun ya sauka kan takardarmu.

Mahaifina ya ci gaba da tauna. Bai yi sauri ba, bai kuma ja lokaci da gangan ba, cin tsoho ne kawai. Amma ni a wurina kamar ba zai ƙare ba. Ya haɗiye, ya share gemu da bayan hannu.

"Ƙasar Bakura," ya ce.

Saja ya sake duban kakina.

"Bakura. Can ne masu taurin kai suke. Mene ne haɗinka da wannan na kamfani?"

Mahaifina ya juya ragowar curon a hannunsa. Ya ce, "Wanga ɗana na. Shi ab babba."

Ban taɓa jin ya faɗi haka ba, ko a gida, balle a gaban baƙo. Na sunkuyar da kai ina kallon ƙasa.

Na san tambayar da ta rage, na kuma ga alamar Saja ya san ta. Ya buɗe baki, sai Kuku ya miƙo masa takarda cike, man na tsatsafowa, ya ce, "Yallaɓai, a yi hankali, daga wuta yake." Saja ya karɓa, zafi ya sa ya sauya hannu. Ya tsaya yana kallon mahaifina. Har yau ban sani ba ko bai yi zargin komai ba ne, ko kuwa ya yi ya ga ba ya so ya ji amsar. Ya ce, "Ɗanka ya kama aiki mai kyau, Baba. Ka riƙa yi masa addu'a." Ya ba siririn takardar, suka juya cikin tasha.

Kuku ya sunkuya ya iza wuta, na ga zufa ta jiƙe bayan rigarsa sharkaf. Mahaifina ya cinye na hannunsa. Bai ɗauki wani ba.

"Sukari ya yi yawa," ya ce wa Kuku.

"Haka Turawan ke so, Baba."

"Awo, su suka sani."

Da ɗan kamasho ya fara kiran Jangebe, Kuku ya ɗebi fulawa ya shafa a kan tabon wandon har ya yi fari, kamar wanda ya goga jikin buhu. Na riƙe mahaifina ta gefen hagu muka ratsa tashar. Sajan na zaune a inuwar wata mota yana ci, bai ɗago ba. Na samar wa mahaifina wuri a gaba kusa da direba don ya miƙe ƙafa. Da zan rufe ƙofa ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Kai, ka hwaɗa ma innakka ta kai awaki gidan kawunka."

Na ce, "To, Baba."

Na tsaya har motar ta hau titi ta ɓace. Da na koma rumfa na zauna a bencin na daɗe. Kuku ya ba ni ruwa a moɗa. Ya ce in ɗauki ragowar curon in tafi da shi, na ce ba zan iya ba, ya juye wa wasu 'yan dako.

Mahaifina ya zauna a Jangebe har ruwa ya sauka, ƙafar ta warke ta bar masa tabo. Da ƙura ta lafa ya dawo gida, daga baya aka ba shi wani fili a bakin magudana, wanda bai taɓa kiransa gonarsa ba. Ni ban bar aikin ba sai da Turawa suka fara tattara kayansu. Mahaifina bai taɓa ce mini in bari ba, bai kuma taɓa tayar da zancen ranar nan ba, ni ma haka.

A ranar dai, da na koma gareji la'asar ta kusa. Shugabanmu ya yi ta faɗa da hannu da baki a kan inda na shiga tun hantsi. Na ce masa baƙo na raka tasha. Ya nuna mini wata katafila da ke jiran mai, na kwanta a ƙarƙashinta na kama aiki.