Ajiyar Kwandalar Auta

Ni ce 'yar fari a gidanmu, don haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" nake, ko "waccan". Wai kunya. Autarmu kuwa, sunanta har waƙa ake yi da shi.

Shekarar da Inna ta zo Kuala Lumpur ta ƙasar Malesiya a duba mata gwiwa, ni da autar muna ɗaki ɗaya a unguwar Wangsa Maju, muna karatu. Ni na sha jigila. Ni ce asibiti, ni ce riƙe ta a matakalar tashar jirgin ƙasa, ni ce har unguwar Kampung Baru neman abincin da ba kwakwa a ciki, don cikinta ya ƙi ta. Gimbiya auta kuwa tana kwance da waya, wai tana da jarrabawa. Ni fa, rawa nake zuwa yi makarantar?

Ana gobe za ta koma, Inna ta zaro wani ɗan akwati daga jaka. Na san shi tun ina ƙarama. Kwandalar zinare ce da babban bankin ƙasashen sefa ya buga, Baba ya sayo a Yamai kafin ya rasu. An rubuta mata kuɗi mai kauri a jiki, amma ba ta kashewa ba ce, ta ajiya ce, a rufe cikin roba garai-garai, ko yatsa bai taɓa hawanta ba. Wallahi ba zinaren ne ya dame ni ba. So nake ko sau ɗaya Inna ta miƙo mini abu a gaban mutum.

Ta kira sunan autar, ta miƙa mata, ta sa mata albarka. Kishi tsagwaronsa ya kama ni, da ƙyar na iya cewa Allah ya sa alheri. Yarinyar ta jujjuya kwandalar, ta ce za ta kai wa maƙerin zinare a unguwar Bukit Bintang ya huda, ta rataya a sarƙa. Inna ta yi salati, ta fizge akwatin. Sannan, ba tare da ta dube ni ba, ta ɗora shi a cinyata. Har na fara murmushi.

"Ke, ajiye mata," ta ce. "Ba ta yi hankali ba tukuna. Ranar aurenta ki ba ta."

Har yau kwandalar tana nan ƙasan kayana. Mai abin ko tambaya ba ta yi.