Neman Dusa a Gadaka

Mun tashi da asuba daga unguwar Dogo Nini a Potiskum, ni da maƙwabcina, a bayan wata a-kori-kura da ke tari kamar tsoho. Kajin gidan gona ne suka fitar da ni. Sallah ta matso, abincin kamfani ya fi ƙarfina, su kuwa ci suke kamar gobara. Idan ba su yi nauyi kafin Sallah ba, kiwon ya tashi ke nan.

Malamin dabbobi ya ce in haɗa da dusa, amma in riƙa barbaɗa wata hoda da ya kawo daga Jos, domin cikin kaza ba ya narkar da dusa shi kaɗai. To, dusar Potiskum masu kiwon shanu sun gama da ita tun a bakin inji. Shi ya sa muka nufi Gadaka.

Hanya ba laifi, sai wahalar mai. Sau biyu direba ya tsaya wajen 'yan bumburutu yana rantse-rantse. Muka karya da ƙosai da kunu a bakin titi, ƙosan ya sha barkono har maƙwabcina ya yi hawaye, ya ce wai hayaƙi ne.

A Gadaka na sami dusar masara mai kyau, busasshiya, da araha. Tsohuwar da ke sayarwa ta dube ni, ta ce da Hausarta mai gardin Bolanci, "Ɗana, duk wannan na kaza? Kaza ce ko saniya?" Muka yi dariya. Raina fes na ɗora buhunana.

Bayan la'asar muka iso gida. Tun daga zaure ban ji kukan kajin ba. Kajin sun takure, fukafukai a ƙasa, zawo ko'ina, wasu sun riga sun mutu. Baba na tsaye da bokiti a hannu. Tsohon dillalin shanu ne, ya ga abincin da na bari ya ƙare da rana, tausayi ya kama shi, ya jiƙa musu dusar ragonsa da ruwan kanwa mai kauri.

"Wallahi haka nake wa bijimai," ya ce. "Cikin wata guda sai ka ga sun murje."

Kai, na ji zafi! Amma wa zai yi wa mahaifinsa faɗa? Na ce, "Ba komai Baba, Allah ya sa haka ne mafi alheri." Muka sauya musu ruwa, na auna sabuwar dusa, na nuna masa yadda ake zuba hodar.

Tafiyar ta koya mini cewa na je har Gadaka neman abincin kaza, na manta ban yi wa mutumin da ke gida bayanin minti biyar ba. Fiye da rabin kajin sun farfaɗo. Waɗanda suka mutu kuwa, ni da Baba muka binne su a bayan gida, kuma shi ya ƙwace fartanyar daga hannuna.