Yatsu Biyu na Hannun Hagu

Tun kafin a kawo kwamfuta ofishin rajista na kwalejin take zaune a teburin bakin taga tana bugun takardu. A gaban idonta Anti ake ce mata. A bayan idonta kuwa Anti Anya, don babu labarin da za ka kawo mata ba ta tare ka da "anya kuwa?" ba. Ka ce mata an yi ruwa a unguwarku, sai ta dubi takalminka. Kofin shayinta a jaka yake kwana, aljihun teburinta a kulle yake ko da banɗaki za ta je, kuma idan masinja ya gaishe ta da fara'ar da ta fi ta jiya, sai ta wuni tana neman dalili. Mijinta, Allah ya jiƙansa, yakan ce sai da suka yi haihuwa ta biyu kafin ta nuna masa inda take ajiye makullin ɗakin girki.

Amma wajen aiki, sai dai a sara mata. Ba ta kallon maɓalli, ba ta tambayar ma'anar mummunan rubutun kowa, takarda tana shiga hannunta za ta fito tas. Teburin nan shi ne mutuncinta, kuma ta san yarinyar da aka ɗauka bara, mai dogayen farce, tana yawan kallon tagar.

Sai hannun hagu ya fara yi mata gardama. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi suka riƙa yin nauyi, ta aike su su maƙale a hanya. Harafi ya fara ɓacewa a takardunta, tana komawa tana cikewa da hannun dama kafin wani ya gani. Tsoro ya kama ta sosai. Ba ta gaya wa kowa ba sai babbar 'yarta, wadda ke aikin jinya.

"Mama, ki je asibitin kwaleji mana, ai kyauta ne."

"In je in kai kaina? Likitan nan da Ogan ofishinmu layinsu ɗaya. Kafin in dawo kujerata labari ya riga ni."

'Yar ta yi, ta yi, ta gaji. Daga ƙarshe ta ce to aƙalla yatsun su riƙa samun motsi, ga ajin koyon fiyano da sashen kiɗa ya buɗe wa ma'aikata bayan an tashi aiki. Anti ta juya maganar ta ko'ina ba ta ga tarko ba, sai ta shiga. A ofis ta ce jikanta ne ya dame ta da son kiɗa.

Ajin dogon ɗaki ne, an jera fiyano na lantarki layi-layi, kowanne da kujerarsa da abin kunnensa mai kauri. Kowa kansa kaɗai yake ji. Ka shigo ka ga manya da furfurarsu suna gyaɗa kai, ba ka jin komai sai ƙwas-ƙwas ɗin maɓallai. A damanta direban motar kwaleji ne, mai yatsu kamar taɓarya, a gabanta mai dafa abincin ɗalibai. Wannan tsari ya yi wa Anti daɗi, har sai da Malam, mai koyar da su, ya nuna musu wani ɗan akwati a kan teburinsa.

"Da wannan nake shiga kunnen kowa," in ji shi. "In na danna lambarka, ina jin abin da kake bugawa. Kada kowa ya ji kunya, ni kaɗai ne."

Anti ta ɗaga hannu. "Malam, mu za mu san lokacin da ka shigo?"

"Ba lallai ba, Anti."

Ta ce to, amma tun daga ranar ta sa masa ido.

Hannun dama bai ba ta wahala ba, sai dai Malam yana fama da ita a kan abu ɗaya. Shekara da shekaru ta saba ta doki maɓalli ta ɗauke yatsa, shi kuma yana so ta danna ta zauna. "Anti, ba wasiƙa kike bugawa ba, bar shi ya yi numfashi." Aji ya yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta rasa me ya kawo maganar wasiƙa, kuma wa ya gaya masa aikinta. Ta manta cewa ita ta buga masa takardar kama aiki.

Da aka zo hannun hagu, sai ga shi darasin farko da ƙaramin yatsa yake farawa: do, re, mi, fa, so, a hau a sauko. Nan ta ɓullo da dabara. Idan kan Malam yana duƙe a kan akwatinsa, sai ta yi ta wasa da dama. Idan ya tashi zuwa wurin wani, sai ta saci jiki ta gwada hagun. Ana cikin haka wata rana ta hango shi a kantin ma'aikata, shi da Oga a tebur ɗaya, suna cin abinci suna dariya. Oga har ya ɗaga hannu yana motsa yatsu. Mai yiwuwa gishiri yake nema, amma a wurin Anti magana ta ƙare.

Ranar darasi na gaba ta riga kowa zuwa. Ta leƙa bayan fiyanonta ta ga wayoyi sun cakuɗe, ta bi ɗaya da ido ta ga kamar ita ce ta nufi teburin Malam, ta zare ta. Da aka fara, ta sa abin kunne a kan ɗankwalinta, ta danna maɓalli, shiru. Ranta ya yi fari. Idan ita ba ta ji ba, shi ma ba zai ji ba, kuma ita dama ba kiɗa ya kawo ta ba. Karo na farko ta saki jiki ta ba hagun dukan lokacinsa.

Can sai ta fara jiyo wani kiɗa sama-sama, kamar daga bayan bango. Wani ne yake darasin nan nasu, kuma yana yin sa abin tausayi: shiru, shiru, mi, fa, so. Ya sauko, so, fa, mi, sai shiru. Ta saci kallon direba ta taɓe baki. Wannan bawan Allah da wannan hannu yake tuƙa 'ya'yan mutane? Ta ƙudurta a ranta ba za ta ƙara shiga motarsa ba, ta ci gaba da abin da take yi.

Mai dafa abinci ce ta fara juyowa. Sai direba ya zare abin kunnensa ya ɗora hannuwansa biyu a cinya, kiɗan kuwa bai tsaya ba. Anti ta ɗauke hannunta, ɗakin ya yi tsit. Ashe wayar abin kunnenta ce ta zare ɗazu, fiyanon ya koma yana magana da lasifikarsa, kowa yana ji.

Malam ya taso ya duƙa ya mayar da wayar, ya ce a hankali, "Anti, in an tashi ki ɗan jira ni." Ba ta jira ba. Ta ɗauki jakarta ta fita, kunya da haushi suna cin ta.

Washegari tun kafin masinja ya gama share ofis ta shiga wurin Oga ta rufe ƙofa.

"Yallaɓai, na san an riga ni, amma gara ka ji daga bakina."

"An riga ki me, Anti?"

Ta ce a ranta, ji shi, har da nuna bai sani ba. Ta ɗora hannun a kan teburinsa ta motsa yatsu uku, biyu suna kwance. Oga ya cire tabarau ya daɗe yana kallo.

"Subhanallahi! Tun yaushe? Kuma kika yi shiru kina wahala?"

Mutumin kirki ne, kuma kirkin nasa ne ya gama da ita. A ranar ya sa aka kai ta asibitin kwaleji. Kafin mako ya zagayo an mayar da ita ɗakin ajiyar fayiloli don ta huta, yarinya mai dogayen farce ta koma bakin taga.

A can direba ya same ta wata rana da ya kawo kaya.

"Anti, kin guje mu. Malam kullum sai ya tambaye ki."

"Ya tambaye ni ya yi me da ni? Ai ya gama aikinsa. Ko kai ne ka kai wa Oga?"

"In kai masa me?"

"Abin da kuka ji ranar nan."

"Au, fiyanon? Ai kina fita Malam ya ce maɓallai biyu ne suka mutu, tun tuni yake so a gyara. Ni na ɗauke shi ma na kai wa mai gyara. Har muna cewa an cuce ki da aka ba ki lalatacce."

Ta dube shi da kyau, irin duban da ta yi wa mutane duk tsawon rayuwarta, ba ta ga komai a fuskarsa ba sai gumi. Ita ta san lafiyar fiyanon nan ƙalau, ta kuma san Malam ya sani. Ta bi mutanen kwalejin ɗaya bayan ɗaya a ranta tana neman wanda ya kai ta gaban Oga, ta rasa kowa sai ita kanta. Abin ya yi mata ciwo fiye da hannun.

"Ina zan ajiye kayan, Anti?"

Ta nuna masa kusurwa, ta ce ya ja mata ƙofar in zai fita.