Ranar Da Ban Roƙi Inna Ta Zauna Ba

Edita, a shekarun da kuɗin man fetur suka fara ambaliya a ƙasar nan, ni mace ce mai shekara talatin da 'yan kai, matar babban ma'aikacin gwamnati, uwar 'ya'ya huɗu, mai ji da kanta. Daga ɗaki biyu na haya a Tudun Wada aka ɗauke mu sai Nassarawa GRA, gidan da wani Bature ya tashi ya bari, mai mangwaro a gaba da darbejiya a baya. Ga kuku, ga mai gadi, ga mai ba fulawa ruwa, ga firji da talabijin. Unguwa ce da ba a leƙa maƙwabta ɗiban wuta, sai ki wuni ba ki ji sallamar kowa ba. Ina da saurin fushi a lokacin, ina kuma da riƙo, amma duk wanda ya gan ni a bayan mota ran Juma'a zai rantse ba ni da sauran damuwa a duniya.

Ni 'yar fari ce, kuma a ƙauyenmu, can gabas da Ringim, kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ba ta taɓa faɗin sunana ba. Ba ta taɓa zama hira da ni ba, ba ta taɓa yi mini dariya ido da ido ba. A ɗakin kakata na tashi. Da na haifi tawa 'yar farin, ni ma sai na bi sahu. Ban kira sunanta, sai dai in ce ke, ko in ce wa ƙannenta su kira mini babbar. A Tudun Wada abin bai taɓa damuna ba, don kowa haka yake yi. Sai da muka zo GRA na ga matar wani likita maƙwabcinmu tana tafiya kanti riƙe da hannun budurwar 'yarta, suna ta ƙyalƙyala dariya kamar ƙawaye. Na ja tsaki na ce rashin ta ido, amma ban bar bakin taga ba sai da suka sha kwana.

Ana nan yanar ido ta kama Inna, maigida ya aika da mota aka kawo ta Kano aka yi mata aiki. Likita ya ce ta zauna kusa, a riƙa duba ta. Fur ta ƙi kwana a cikin babban gida, wai ina ita ina rufi ɗaya da suruki, sai aka gyara mata ɗaki a boskwata kusa da na kuku. Ta naɗe katifar da aka sa mata ta jingine a bango, ta shimfiɗa tabarmarta. Ta shuka yakuwa da rama a tsakiyar fulawoyi, kullum suna rigima da mai ban ruwa, tana ce masa me za a yi da ganyen da ba a miya da shi. In mai karanta labarai ya fito a talabijin sai ta ja mayafi ta rufe kai. Yara kuwa suka samu abin da suke so. Namijin, mai shekara sha uku, shi ne maigidanta, kullum tana tsiya wai ya fita bai ba da cefane ba. Babbar, mai sha biyar, ita ce abokiyar faɗanta, kuma ita ke ɗiga mata magani a ido safe da yamma.

Daga nan ciwona ya fara. Da an dawo makaranta, yarinyar nan ko takalmi ba za ta cire ba sai boskwata. Ina tsaye a kicin sai in jiyo dariyarsu, irin dariyar da har sai mutum ya riƙe ciki. In leƙa ta taga in ga kanta a kan cinyar Inna, Inna na yi mata kitso da idon da bai gama warkewa ba, tsaga a karkace, alhali ni duk Tudun Wada an san hannuna a kitso. Sunanta kuwa Inna ke kira baki cike, tana jan shi har da waƙa. Amma da na doso wurin sai dariyar ta ɗauke cak. Yarinyar ta miƙe zaune, Inna ta gyara mayafi, ta kalli gefe ta yi mini sannu da aiki. In tsaya kamar baƙuwa, in tambayi ko an kawo mata fura, in juya. Kafin in kai ƙofar kicin an ci gaba da dariya.

Kishi na yi, ba zan sa masa wani suna ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ban san wa nake kishi a cikinsu ba. Wani lokaci in ji haushin tsohuwar, ta ƙwace mini 'ya a gidana. Wani lokaci in ji haushin yarinyar, ta kwanta a cinyar da ni da wayona ban taɓa ɗora kai ba. Uwata ce, 'yata ce, amma ni kaɗai ce ba ni da gurbi a kan tabarmar nan. Sai na shiga neman laifi. Na ce karatunta ya ja baya, bai kuwa ja ba. Na ce tana shigo mana da warin daddawa falo. Na ce budurwa ba ta wuni kusa da ɗakin kuku. Ƙaninta ma fa a can yake wuni, yana cinye wa Inna ƙuli-ƙuli, amma shi ko sau ɗaya ban taɓa tanka masa ba.

Abin da ya ƙarasa ni, a bakin matar kuku na ji shi. Muna tsintar shinkafa ta yi mini barka, wai yarinya ta girma, Allah ya kawo miji nagari. Ashe tun watan da ya wuce 'yata ta fara al'ada. Inna ta fara gaya wa, Inna ta koya mata wanka da tsarki, Inna ta ce ta ajiye salla, har matar kuku ta sani, ni da na yi naƙudarta ban sani ba. Na yi murmushi na amsa kamar tun farko da ni aka yi. Sannan na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada a ji, na yi kuka har kaina ya yi ciwo. Da na fito ba baƙin ciki ne a zuciyata ba, fushi ne.

Inna tana da wata al'ada irin ta tsofaffin ƙauye in sun daɗe a gidan 'ya. Lokaci-lokaci sai ta ƙulle kayanta, ta aiko yaron ya ce mini tana son tafiya gida. Ni kuma in je in durƙusa a bakin ƙofa in roƙe ta, in ce likita bai sallame ta ba, ko ta bari azumi ya wuce, ko yara za su yi kewa. Ta ɗan ja aji, sannan ta ce to, ta kwance ƙullin. Ni da ita mun san ba tafiya take so ba. So take ta ji cewa ba ta yi wa kowa nauyi ba, kuma wannan roƙon shi ne kaɗai doguwar maganar da ke shiga tsakanina da ita. Da ruwan farko ya sauka a shekarar, ta aiko kamar yadda ta saba, wai lokacin shuka ya yi. Maigida yana kwas a ƙasar Turawa. Na je na durƙusa kamar kullum, na gaishe ta, sannan na ce direba ba shi da aiki ran Juma'a. Ta yi ta jan carbi har na fara jin ƙarar ruwan da ke ɗiga daga indararo. Can ta ce Allah ya kai mu. Abu ɗaya ta roƙa, a sayo mata maganin ɗigawa ta tafi da shi.

Ranar tafiya yarinyar ta yi kuka har da shessheƙa, ta riƙe ƙofar mota. Inna tana tsokanarta, wai ta yi murna mana, ga gida nan an bar mata ita kaɗai. Ni kuwa ko kallona ba ta yi ba. Ta fuskanci bayan kujerar direba ta ce Allah ya yi albarka, ya raya zuriya. Na ce amin. Kuma gaskiya, da motar ta fita daga get, wani sanyi na ji a raina, na ce yanzu 'yata ba ta da inda za ta sai wurina.

Ba ta zo ba. Ta dawo makaranta ta gaishe ni a ladabce ta shige ɗaki. Da na gaji da jira, wata Asabar na aika ƙaninta ya kira ta, na ce ta kawo kibiya da man kitso. Ta zauna a gabana jikinta a sandare, ni kuma rabona da taɓa kanta tun tana goye. Mun yi nisa da kitson, sai ta ce ai Inna ta faɗa mata hannuna ba zafi, kuma a gemun masara na koyi kitso. Na tsaya. Na tambaye ta me kuma Inna ta ce. Ta ce ai duk hirarsu tawa ce. Wai na taɓa cizon wanzami a yatsa har ya rantse ba zai ƙara shiga gidanmu ba, shi ne ranar suka yi dariya har Inna ta ƙware. Wai in an yanka kaza, Inna kan ɓoye hanta ta ba ƙanwarta ta kawo mini kamar daga ita ta fito. Wai da ƙyanda ta kwantar da ni ina ƙarama, har an fidda rai, Inna ba ta da damar yin kuka a gaban surukai a kan 'yar fari, sai ta zaga bayan rumbu ta cusa bakin zani a baki. Ni ban taɓa jin ko ɗaya daga cikin wannan ba. Na sha cin hantar nan ina sa wa ƙanwar uwata albarka.

Ta ce Inna bi da bi take ba ta labarin, tun daga ranar da aka haife ni, kuma sun kawo daidai bikina. Inna ta yi mata alkawarin in ta gama jarrabawa za ta gaya mata abin da ta yi ranar da aka ɗauke ni aka kai ni gidan miji. Daga nan, ba tare da ta juyo ba, yarinyar ta ce ranar da na ce direba ba shi da aiki tana bayan ƙofa tana wanke kwanon fura, kuma ta ji. Ta ce ai a da nakan roƙi Inna ta zauna. Na ƙarasa kitson, ya yi kyau ƙwarai, ta yi godiya ta tashi.

Da ina da hankali, washegari zan shiga mota da kaina. Amma me zan ce in na je? Bakin da bai saba ba ya yi mini nauyi, ga girman kai. Na ce bari a yi girbi tukuna, sai in fake da cewa likita na nemanta. Na riƙa aika direba da sukari da madara da atamfa. Ba a kai ga yanke gero ba zazzaɓi ya kwantar da ita, kafin saƙo ya iso Kano an riga an kai ta. A wurin zaman makoki mata suka yi ta sa mini albarka, wai Inna ta dawo tana faɗa wa kowa cewa an riƙe ta a birni kamar ƙwai, ita ce ta matsa sai ta dawo saboda gona. Ko ƙanwarta ba ta gaya wa gaskiya ba. Ina zaune ina amsa amin, 'yata na gefe tana kallona.

Shekarar da ta biyo baya ta roƙi babanta a mai da ita makarantar kwana. Yau ita ma ta yi jikoki. Ba ta rage ni da komai ba, ci da sha da magani, kuma har gobe a durƙushe take gaishe ni. Amma mu zauna mu yi hira ta tashi ba ta duba agogo ba, wannan ban samu ba. Ban ga laifinta ba.

Abin da na koya, na koye shi a makare. Kunya tarbiyya ce, ban ce a yar da ita ba, amma ba ta rage son da ke cikin zuciya, hanya kawai take canja masa. Inna ta samu hanyar da za ta aiko mini da nata, ni kuma na tsaya a taga ina ƙirga wa ya fi wa. Mata 'yan'uwana, in kuna da tsohuwa a gida kuka ga 'ya'yanku sun manne mata, kada ku ɗauka ƙwace ne. Ku ɗauki tsintar shinkafarku ku je ku zauna kusa, ko za a yi shiru, ku jure shirun. In ta ƙulle kaya ta ce za ta tafi, ku roƙe ta, ko da ranku a ɓace yake. Na tambayi ƙanwar Inna kafin ita ma ta rasu, na tambayi duk tsofaffin da suka ga bikina, kowa ya ce shi dai ya ga ta shige ɗaki ta turo ƙofa. Na tsufa yanzu, na wuce shekarun da ta yi a duniya, kuma har yau ban san abin da uwata ta yi ba ranar da aka fita da ni daga gidanta.